Wace riga zan sa wa shafina na WordPress, kuma yaya zan daidaita ta da rubutun Hausa?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne, ina so in riƙa wallafa maƙalu da Hausa a kan tarihi da adabi. Na sayi sunan shafi da masauki, wato wurin da ake ajiye shafin a intanet, an girka mini WordPress, manhajar gina shafuka, amma da na buɗe wurin zaɓar fasalin da shafin zai fito da shi sai na tarar da dubbai, kowanne ya fi wani ƙawa. Wani abokina kuma ya ce zai ba ni kwafin wani na kuɗi kyauta. Wanne zan ɗauka, kuma me zan gyara bayan na ɗora shi?

Amsa: Malam, abin da kake tambaya a kansa shi ne wanda masu wannan sana'a suke kira tim, ni kuwa na fi son in kira shi rigar shafi, domin aikinsa ke nan. Maƙalunka suna ajiye a rumbun bayanai, hotunanka suna cikin jakarsu daban, riga ce kawai take yanke yadda za su bayyana a idon mai karatu: girman haruffa, launi, faɗin rubutu, inda suna zai zauna da inda jerin sassa zai fito. Tun da Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar da WordPress a shekarar 2003, wannan rabuwa tsakanin rubutu da kamanninsa tana cikin abubuwan da suka sa manhajar ta karɓu, har ta kai yau sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a kanta aka gina su. Ma'anar wannan a gare ka ita ce za ka iya tuɓe riga ka sa wata ba tare da ka rasa layi ɗaya na rubutunka ba, matuƙar ba ka ɗauki irin rigar da take ɗaure mai ita ba, kuma zan zo kan wannan a gaba.

Abin da nake so ka riƙe kafin komai shi ne cewa samfurin da masu riga suke nunawa ba don mai karatunka aka shirya shi ba. An cika shi da hotunan ƙwararrun masu ɗaukar hoto, an zuba masa rubutun cike gurbi da haruffan Turanci zalla, kuma an tsara shi don ya burge wanda yake zaune gaban babbar kwamfuta da intanet mai gudu. Wanda zai karanta maƙalarka kuwa, mafi yawan lokaci mutum ne da aka turo wa adireshinta a WhatsApp, ya taɓa da yatsa a kan wayar Tecno ko itel ko Infinix, da datar da ya saya da kuɗinsa yake kuma lissafin ƙarewarta. Saboda haka gwaji biyu nake yi wa kowace riga kafin in dubi kyanta, wato yadda take nuna haruffan Hausa da kuma nauyinta. Wadda ta faɗi ɗaya daga cikinsu na ajiye ta, ko da ta fi kowace ado.

Batun haruffa shi ne wanda aka fi sakaci da shi, kuma shi ne ya fi shafar mai rubutu da Hausa. Kowace riga tana zuwa da salon haruffan da ta zaɓa, kuma da yawa daga cikin waɗannan salo an zana su ne don harsunan Turai, babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsu. A tsarin Unicode, wanda yake ba kowane harafi a duniya lambarsa, haruffanmu masu ƙugiya ba sa zaune tare da a, b, c na yau da kullum. Ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin haruffan ilimin furuci, da lambobi 0253 da 0257, yayin da ƙ mai lamba 0199 da manyan Ɓ, Ɗ, Ƙ suke cikin wani rukuni dabam na ƙarin haruffan Latin. Mai zana haruffa yakan kammala aikinsa bai taɓa leƙa waɗannan rukunai ba. Idan burauza ta nemi harafi ba ta same shi a salon da riga ta ba ta ba, sai ta aro shi daga wani salo da ke cikin wayar, shi ya sa kake ganin wasu shafukan Hausa inda ƙ take fitowa siririya a tsakiyar kalma mai kauri, ko ta fi 'yan uwanta tsayi kamar baƙuwa a cikin sahu. Idan kuma babu inda za a aro, sai a ga ɗan akwati fanko a gurbinta.

Na san marubuta da dama da wannan matsala ta sa suka daina sa ƙugiya gaba ɗaya, kuma wannan yana damuna ƙwarai, domin gyaran bai kai asarar ba. Fada dabam, faɗa dabam. Haka kasa da ƙasa, haka baki da baƙi, haka kafa da ƙafa. Mai karatu ɗan Hausa yakan gane daga mahallin magana, amma kai malami ne mai rubutu a kan adabi, kuma ɗalibanka za su kwafi abin da suka gani a wurinka. Bai kamata riga ta tilasta maka karya ƙa'idar rubutu ba.

Gwajin yana da sauƙi. Ka rubuta maƙalar gwaji da jimla irin wannan: Ɓera ya ɗauki ƙashi, Ɗaki ya ɓaci, Ƙofa ta ƙi rufuwa. Ka sa ta a matsayin take, ka sa ta a ƙaramin kanu, ka sa ta a cikin sakin layi, sannan ka maimaita ta da rubutu mai kauri da kuma mai karkata, domin kowane ɗaya daga cikin waɗannan yakan zama fayil mai zaman kansa, kuma riguna da yawa suna amfani da salo ɗaya a take, wani dabam a jikin rubutu. Ka lura musamman da rigunan da suke mayar da take ko jerin sassa zuwa manyan baƙaƙe da kansu, domin a nan ne manyan haruffa masu ƙugiya suke tona asiri. Idan kana sa ran masu karatu ko masu aiko da rubutu daga Jamhuriyar Nijar, ka ƙara ƴ da Ƴ a gwajin, tunda a can da su ake rubuta abin da a Nijeriya ake rubutawa da 'y.

Idan riga ta yi maka amma salon haruffanta ya gaza, ba sai ka jefar da ita ba, salon kawai za ka canja. Noto Sans da Noto Serif na kamfanin Google an yi su ne da nufin kada a ga akwati fanko a kowane harshe, kuma suna da haruffanmu duka. Cibiyar SIL mai nazarin harsuna ma ta fitar da Charis da Gentium da Andika, waɗanda aka zana da harsunan Afirka a zuciya, kuma Andika an yi shi ne musamman don masu koyon karatu. Dukkansu kyauta ne. Daga WordPress 6.5, wanda ya fito a 2024, akwai ma'ajiyar haruffa a cikin manhajar kanta, inda mai amfani da sabon nau'in riga, wanda zan yi bayaninsa a gaba, zai ɗora salon da yake so ba tare da taɓa lambar shiri ba. Abu ɗaya da za ka kiyaye shi ne cewa ana yawan yanka fayil ɗin haruffa gida-gida don a rage nauyi, kuma idan rigarka ko wata ƙarin manhaja, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa WordPress don wani aiki, ta ɗauko gidan Latin na asali kaɗai ta bar faɗaɗɗen, matsalar za ta dawo duk da cewa salon yana da ƙugiyoyin.

Tunda tarihi da adabi za ka rubuta, da wuya ka daɗe ba ka kawo baitin waƙa da ajami ko aya da Larabci ba. Ka gwada wannan ma tun yanzu, ka ga ko sakin layin yana komawa daga dama zuwa hagu yadda ya kamata, kuma ko wasulan suna zama a wurarensu. Don Larabci akwai Amiri da Noto Naskh Arabic. Don ajami kuwa SIL ta yi Harmattan saboda harsunan Afirka ta Yamma, ta kuma yi Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun hannu na yankin Kano. Kada ka ɗora waɗannan a kan shafin gaba ɗaya, ka keɓe su ga wuraren da ake buƙatarsu.

Gwaji na biyu shi ne nauyi. Riga mai hotuna masu zamewa a sama, da rubutu mai tasowa idan an gangaro, da bidiyo a bayan take, tana tura wa wayar mai karatu tarin fayiloli kafin ya ga kalmar farko, kuma shi ne yake biyan kuɗin datar, ba wanda ya ƙera rigar ba. Ba sai ka yi hasashe ba. Google yana da ma'auni kyauta mai suna PageSpeed Insights, kana iya zuba masa adireshin samfurin riga tun kafin ka ɗora ta, kuma sakamakon waya za ka duba, kada na kwamfuta ya ruɗe ka. A ma'aunin Google, babban abin da ke cikin shafi ya kamata ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5 ko ƙasa da haka, sannan tsallen da shafi yake yi yayin buɗewa kada ya wuce 0.1 a lissafinsu. Wannan tsalle shi ne abin nan mai ban haushi, inda mutum ya fara karanta layi sai hoto ya sauko ya ture rubutun ƙasa. Ka kuma sani cewa Google da sigar waya yake duba shafi idan zai jera shi a sakamakon bincike, don haka rigar da ta yi kyau a kwamfuta ta lalace a waya tana rage maka masu zuwa tun daga tushe.

Yanzu ga maganar kwafin da abokinka ya yi maka tayi. Ina ba ka shawara ka gode masa, ka bar shi. Irin waɗannan kwafi ana sauko da su ne daga shafukan da suke fasa rigunan kuɗi suna rabawa, kuma sau da yawa wanda ya fasa ya cusa wani abu a ciki. An taɓa kirana in duba shafin wata ƙungiya da masu karatu suka fara ƙorafin yana jefa su wuraren caca. Da na bincika, sai na tarar da 'yan layuka a ɓoye cikin fayil ɗin ayyukan rigar, waɗanda ba sa nuna komai ga mai shafin idan ya shiga da kalmar sirrinsa, sai ga baƙon da ya zo daga bincike. Mun shafe kwanaki muna tsaftacewa, sunan ƙungiyar kuwa ya riga ya taɓu a wurin mutanen da suka ga abin. Ko da an yi sa'a kwafin ya zo da tsabta, ba zai riƙa samun sabuntawa daga masu shi ba, kuma rigar da ba a sabuntawa ƙofa ce da ɓarawo zai gano ko ba jima ko ba daɗe.

Wurin da ya fi aminci shi ne rumbun riguna na WordPress.org, wanda kake gani daga cikin allon gudanarwarka. Duk rigar da ke can sai da masu bita suka duba ta kafin a karɓe ta, kuma kowace tana nuna ranar da aka sabunta ta na ƙarshe da adadin shafukan da suke amfani da ita. Wadda ta shekara biyu ba a taɓa ta ba, ka wuce ta. Ka leƙa zauren taimakonta ka ga ko mai ita yana amsa tambayoyi. Akwai kuma wata fa'ida da ba kowa ya sani ba. Dokar wannan rumbu ta hana riga ɗaukar ayyukan da na ƙarin manhaja ne, kamar ƙirƙiro sabon nau'in rubutu ko gajerun lambobin da ake cusawa cikin maƙala. Wannan ita ce ɗaurewar da na ambata da farko. Wasu rigunan kasuwa suna sa ka gina kowace maƙala da kayan aikinsu na kansu, ranar da ka tuɓe su sai ka tarar da rubutunka cike da tarkacen alamomi, wasu sassan ma sun ɓace daga gani. Wanda ya tara maƙala ɗari biyu a irin wannan riga ba shi da sauran zaɓi, sai dai ya zauna da ita ko ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa. Ban ce kowace rigar kuɗi haka take ba, akwai masu kyau a kasuwanni irin su ThemeForest da kuma wurin kamfanonin da suke sayar da nasu kai tsaye, amma da dala ake biya, wasu kuma duk shekara ake sabunta lasisi, alhali mai wallafa maƙalu ba ya buƙatar mafi yawan abin da ake sayar masa.

Za ka ga riguna iri biyu. Tsohon nau'i ana gyara shi ne ta wani allo na gefe inda mai riga ya tanadi zaɓuɓɓukan da ya ga dama. Sabon nau'i ya biyo bayan editan tubala, wanda a cikinsa kowane sakin layi ko hoto yake zama tubali guda, da ya shigo da WordPress 5.0 a ƙarshen 2018, sannan daga WordPress 5.9 a farkon 2022 aka ba mai shafi damar gyara kai da ƙafa da dukkan fasali da waɗannan tubala, kuma Twenty Twenty-Two ce rigar hukuma ta farko a wannan tsari. Ga wanda yake farawa yau da rubutu zalla, ina ganin ya fara da rigar hukuma ta baya-bayan nan, irin Twenty Twenty-Four ko Twenty Twenty-Five, domin ba su da nauyi kuma masu WordPress da kansu suke kula da su. Idan tsohon tsari ya fi kwanta maka, GeneratePress da Astra da Kadence suna da sigogi na kyauta waɗanda suka isa wannan aiki.

Idan ka zaɓa, kada ka fara gyara a kan shafin da jama'a suke gani ba tare da ka ajiye kwafin komai ba, fayiloli da rumbun bayanai duka. Kamfanonin masauki da dama suna ba da wurin gwaji, akwai kuma manhajar Local da take girka WordPress a kan kwamfutarka ka yi ta gwaji ba tare da cin data ba. Ka rubuta maƙalu uku ko huɗu na gaske kafin ka yanke hukunci, ɗaya doguwa, ɗaya mai dogon take, ɗaya marar hoto, domin taken Hausa yakan fi na Turanci tsawo, kuma riguna da yawa suna rikicewa idan take ya kai layi uku ko idan maƙala ba ta da hoton gaba. Maɓallin nan da yake cewa a shigo da samfuri gaba ɗaya, ka guje shi, domin yana zubo shafuka da hotuna da ƙarin manhajoji da ba ka nema ba, kuma share su ya fi gina naka wahala.

Idan har gyaranka zai kai ga taɓa fayilolin riga, to ka yi mata 'ya. Abin nufi shi ne ka buɗe sabuwar jaka mai ɗauke da fayil ɗin style.css, a kansa ka rubuta sunan sabuwar rigar da sunan jakar uwarta, sai WordPress ya riƙa ɗaukar komai daga uwar, ya fifita abin da ka sa a cikin 'yar. Dalili shi ne duk ranar da aka sabunta uwar riga ana maye gurbin fayilolinta da sababbi, kuma duk gyaran da ka yi a cikinsu kai tsaye zai tafi. Gyaran launi da haruffa da aka yi ta editan shafi ba ya buƙatar wannan, tunda a rumbun bayanai ake ajiye shi.

A wajen daidaita rubutu, kada girman harafi ya gaza digo 16, wato pixel 16, wanda shi ne ma'aunin asali na burauza, ni kuwa nakan kai shi 18 saboda ƙugiyar ɗ da ɓ ƙarama ce, kuma a ƙaramin rubutu takan ɓace wa ido. Tazarar layi ta kai ninki ɗaya da rabi na girman harafi. A kan kwamfuta ka taƙaita faɗin rubutu yadda layi ba zai wuce haruffa 75 ba, domin idan ya yi tsawo ido yakan ɓata wajen komawa farkon layi na gaba. Launi kuwa ba ya buƙatar dogon tunani: baƙin rubutu a kan fari ko abin da ya kusa fari, da launi ɗaya don mahaɗai. Ƙa'idar sauƙaƙa karatu ta hukumar W3C ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, kuma rubutun toka-toka da wasu riguna suke yayi ba ya cika wannan, balle ga wanda yake karatu da waya a tsakar rana.

Bayan haka za ka ga ragowar kalmomin Turanci a maɓallai, irin na ci gaba da karatu da bincike da maƙala ta gaba da ta baya. A sabon nau'in riga yawancinsu ana taɓa su a edita a sake rubuta su da Hausa. A tsohon nau'i kuma ƙarin manhajar Loco Translate tana ba ka jerin dukkan kalmomin rigar ka fassara su ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne na yini guda, amma shafin da maƙalarsa take Hausa maɓallansa suna Turanci yana nuna ba a gama shi ba.

Hotuna ka rage girmansu kafin ka ɗora, domin hoton da aka ɗauka da waya yakan kai megabait da yawa alhali ba a buƙatar haka, kuma WordPress yana karɓar nau'in WebP mai sauƙin nauyi tun daga sigar 5.8. Tambarin da zai fito a saman burauza ana son ya zama murabba'i mai digo 512 a kowane gefe. Jerin sassa kada ya wuce biyar ko shida, da sunaye gajeru da za su shiga allon waya.

Gwajin ƙarshe ba a kwamfutarka za ka yi shi ba. Ka ari ƙaramar waya mai arha, ka kashe wayafai, ka buɗe shafin da data, sannan ka sake buɗe shi da Opera Mini a yanayin matsanancin tsimin data, domin masu amfani da ita suna da yawa a cikin masu karatunka. A wannan yanayi manyan kwamfutocin kamfanin Opera ne suke matse shafi kafin su aiko shi, ba a ɗauko salon haruffan da ka ɗora, kuma alamomin da aka zana da haruffa, kamar layuka ukun nan na buɗe jerin sassa, sukan ɓace. Ka tabbata ana iya buɗe jerin, ana iya bincike, ana iya karanta maƙala daga farko zuwa ƙarshe. Daga nan ka tura wa kanka adireshin maƙala ɗaya a WhatsApp ka ga ko take da hoto sun fito a ƙarƙashinsa. Idan ba su fito daidai ba, yawanci ba laifin riga ba ne, bayanan Open Graph ne babu, wato bayanan da suke gaya wa WhatsApp take da hoton da zai nuna, kuma ƙarin manhaja irin Yoast SEO tana sa su a kan kowace maƙala.